Agogo Sarkin Aiki: Tarihin Agogon Ƙararrawa Daga Turai Zuwa Ɗakunan Iyayenmu

Gabatarwa

Abu biyu ne suka jawo wannan rubutu, kuma duk a mako guda suka same mu a nan Zakirai. Na farko, wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe mai sha'awar rubutu ya kawo mana gajeren labari mu duba masa. Labarin ya tsaru, ya gina shi a zamanin Sarkin Kano Alu, wato kafin Turawa su ci Kano a 1903. Amma tun a shafin farko sai ga jarumin labarin, wani manomi a ƙauye, agogo ya tashe shi da ƙarfe biyar daidai na asuba, har ya miƙa hannu ya kashe ƙararrawar. Da muka ce masa wannan ba za ta yiwu ba, sai yaron ya dube mu ya ce, "To Malam, da me zai tashi?"

Na biyu, bayan kwana uku muka yi kiciɓis da wani ɗan gwangwan yana tura baro, a cikin tarkacensa har da agogon nan mai kaza, irin wanda muka buɗe ido muka gani a ɗakin kakarmu. Gilashinsa garau, ƙararrawarsa biyu suna nan, tsatsa kaɗan ce a ƙafarsa. Muka tambaye shi ina za a kai shi, ya ce ma'auni, a kilo ake saye.

Tambayar yaron nan ta cancanci amsa, agogon nan kuma bai cancanci ma'auni ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan ɗan ƙaramin abu tare da 'yan'uwa marubuta, domin masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Kafin Agogo Ya Zo

Bahaushe bai taɓa zama ba shi da lokaci ba. Abin da ba shi da shi a da shi ne lamba. Ya raba yininsa da darensa da sunaye: asuba, jijjifi, sassafe, hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru, magariba, lisha, tsakar dare da talatainin dare. Idan aka ce wa mutum a haɗu da hantsi, ya san sa'ad da rana ta ɗaga ta fara zafi ake nufi, ba ya bukatar ƙarin bayani. Malamai kuwa suna auna inuwa da tafin ƙafa su gane shigar azahar da la'asar. Da dare fatake da makiyaya suna duban taurari, su ga inda Kaza da 'Ya'yanta suka kai, su jira fitowar Gamzaki su ɗaura kaya.

Batun tashi daga barci kuwa, aikin gari ne gaba ɗaya. Zakara zai yi carar farko, ya yi ta biyu. Ladan zai yi kiran assalatu, irin kiran farko da Bilal yake yi a Madina don mai barci ya farka. Daga nan sai ƙarar guga a rijiya, sai amon taɓarya a turmi, sai kukan jaki, sai muryar almajirai a tsangaya. Da azumi samari su bi lungu-lungu da ganga ko gwangwani suna tashin mutane sahur. A ƙasa irin tamu, inda gida ke jin tarin maƙwabci kuma gona ke manne da gona, da wuya mutum ya makara ba a ƙwanƙwasa masa ƙyaure ba. Ga amsar ɗalibinmu ke nan: manomin zamanin Alu zakara da ladan da maƙwabta ne ke tashinsa.

Kalmomin da muke amfani da su ma shaida ne cewa abin baƙo ne. Ita kanta kalmar agogo daga Yarbanci muka aro ta, inda take nufin ƙararrawa, wanda ke nuna ta kudu ya fi shigo mana. Sa'a da daƙiƙa daga Larabci suke, awa da minti daga Ingilishi. Kalmar da ta zama tamu ta gida ita ce ƙarfe. In mun ce ƙarfe biyu, asalin maganar ƙarfe ne da ake bugawa sau biyu, kamar yadda har yau makarantunmu ke rataye guntun ƙarfen dogo ko tsohon wilin mota a jikin bishiya ana bugawa.

Asalinsa A Duniya

Tunanin na'urar da za ta yi ƙara idan lokaci ya yi tsoho ne ƙwarai. A shekarar 807 Halifa Haruna Rashid na Bagadaza ya aika wa Sarki Charlemagne na Turai kyautar agogon ruwa, wanda yake sako 'yan ƙwallayen tagulla a kan tasa su yi ƙara duk sa'a. A 1206 Aljazari ya kammala littafinsa na na'urori, wanda a ciki ya siffanta shahararren agogonsa mai siffar giwa. A 1559 kuma Taƙiyuddin, masanin taurarin da daga baya ya gina ɗakin duban taurari a Santambul, ya rubuta littafi a kan agogon ƙarfe, har ya bayyana wanda ake soka masa tsinke a lokacin da ake so, idan lokacin ya yi sai ya kaɗa. A Turai ma masu ƙira sun daɗe suna yin irinsa, sai dai duk kayan sarakuna da attajirai da gidajen ibada ne.

A Amurka ana yawan ambaton Levi Hutchins na garin Concord, wanda a 1787 ya ƙera wa kansa agogon da ke tashinsa. Aibinsa guda: ƙarfe huɗu na asuba kaɗai ya sani, ba a iya sauya shi. Sai a 1847 Bafaranshe Antoine Redier ya yi rajistar wanda mutum zai iya saita wa lokacin da ya ga dama. A 1876 kamfanin Seth Thomas na Amurka ya yi rajistar ƙaramin agogon da ake ajiyewa a gefen gado, kuma daga nan ne siffar da muka sani ta bazu.

Abin da ya mayar da shi kayan talaka shi ne masana'anta. Ma'aikaci a Ingila ko Jamus dole ya isa bakin aiki kafin a rufe ƙofa, in ya makara a yanke masa lada. Kafin agogo ya yi araha, a garuruwan masana'antu na Ingila har sana'a ce mutum ya riƙa yawo da doguwar sanda da duku-duku yana ƙwanƙwasa tagogin ma'aikata, ana biyansa 'yan kwabbai a mako, kamar dai masu tashin sahur namu, sai dai su don kuɗi. Da kamfanoni suka fara buga agogo dubu-dubu da inji, sai wannan sana'a ta fara mutuwa. Kamfanin Junghans, wanda aka kafa a garin Schramberg na Jamus a 1861, ya zuwa 1903 ya zama mafi girman masana'antar agogo a duniya, yana fitar da sama da miliyan uku a shekara. Mai karatu ya lura, wannan ita ce shekarar da Turawa suka shiga Kano.

Jirgi, Makaranta Da Rediyo

Abu uku ne suka koya mana kirga lokaci da lamba. Na farko jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, sa'annan a 1930 aka kammala reshen da ya bi ta wannan yanki namu ya nufi Ringim har Nguru, wanda ya kwashi gyaɗar ƙasar nan shekara da shekaru. Jirgi bai san hantsi ba, bai san walaha ba. Wanda zai hau shi ko zai yi lodin kaya dole ya san ƙarfe nawa. Kuma tun da jirgi ɗaya ne ke tashi daga Ikko ya zo Kano, dole ƙasar duka ta bi agogo ɗaya. A 1919 aka tsayar da lokacin Najeriya a kan awa ɗaya gaba da na Greenwich, kuma a kansa muke har yau.

Na biyu makarantar boko da aikin gwamnati. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, karatun boko da jadawali yake tafiya: ƙarfe kaza a shiga, ƙarfe kaza a fita tara. Malamin makaranta da malamin asibiti da malamin gona da ɗan doka su ne suka fara ajiye agogo a ƙauyuka, har mutane kan aiko yaro ya tambayo ƙarfe nawa. Da aka fara shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai kusan kowane gida ya sami yaron da bulala ke jira in ya makara.

Na uku rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Agogon wani, wato wanda ake murɗawa da hannu, yakan yi gaba ko ya yi baya da 'yan mintoci a yini, saboda haka maigida sai ya jira mai labarai ya faɗi agogon GMT da agogon Najeriya da Nijar, sa'annan ya juya bayan agogonsa ya daidaita. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun ga ƙarshen wannan al'ada da idonmu.

Yadda Yake Aiki

Kafin mu shiga ire-irensa, yana da kyau marubuci ya san abin da ke cikinsa. Agogon ƙararrawa na wani yana da sifirin biyu, wato ƙarfe siriri nannaɗe kamar gammo. Shi ya sa ake ganin makulli biyu a bayansa, ɗaya na tafiyar lokaci, ɗaya na ƙararrawa. Idan aka murɗa, sifirin ya ɗaure, sai ya riƙa warwarewa a hankali yana juya faya-fayai masu haƙora. Akwai wani ɗan faifai da ke kai da komo yana sakin haƙori ɗaya-ɗaya, shi ne ke ba da sautin nan na ƙas-ƙas da ke hana baƙo barci. Murɗi ɗaya yakan kai kimanin awa talatin, don haka kullum dare ake yi masa wani. Ɗan ƙaramin hannun da ke fuskarsa shi ne na saiti: idan hannun awa ya cim masa sai wata sakata ta saki, sifirin na biyu ya kwance da ƙarfi, 'yar guduma ta hau dukan ƙararrawa har ƙarfinta ya ƙare ko a danne ta.

Ire-irensa

Na farko shi ne mai ƙararrawa a ka. Wani guda ɗaya gare shi kamar hula, wani biyu kamar kunnuwa da guduma a tsakani, da mariƙi a sama da ƙafafu biyu a ƙasa. Wannan ita ce tsohuwar siffa, Jamusawa sun shahara da ita, daga baya kowa ya kwaikwaya. A na Junghans za a ga tambarin tauraro mai tsini takwas da harafin J a tsakiya.

Na biyu shi ne mai ƙararrawa a baya, wanda sarkinsu shi ne Big Ben na kamfanin Westclox na Amurka. Ya fito kasuwa a 1909, ƙaninsa Baby Ben ya biyo baya a 1910. Hikimarsa ita ce murfin bayan agogon shi ne ƙararrawar, don haka amonsa ya fi zurfi kuma kansa fayau yake. Masu tara agogo a Turai da Amurka suna gane shekarunsa daga siffarsa. Na farkon yana da ƙafafu da zobe a ka. A 1927 aka fito da mai gindi a madadin ƙafafu. A 1939 mai zane Henry Dreyfuss ya ba shi sabuwar siffa mai sulɓi, aka sake sauya ta a 1949 da 1956 da 1964. A 1948 kamfanin ya buɗe masana'anta a garin Dumbarton, wadda ta riƙa aikawa ƙasashe da dama, saboda haka wanda ya ga Westclox an rubuta "Made in Scotland" a ƙasan fuskarsa ya san bai girmi wannan shekara ba. A wannan aji ne kuma na kamfanin Smiths na Ingila da yawa suke.

Na uku shi ne na tafiya, ɗan ƙarami da ake naɗewa cikin akwatinsa mai rufin fata, a buɗe shi ya tsaya da kansa a kan tebur. Na Jamus mai suna Europa ya yi suna a wannan fanni. Irinsa aka fi gani a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa masu yawan tafiya.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne shiga zuciyarmu, shi ne na ƙasar Sin mai kaza. A fuskarsa an zana kaza da 'yan tsakinta, kan kazar yana motsi, duk bugun daƙiƙa sai ta kai caka kamar tana tsattsagar hatsi. Masana'antu daban-daban ne suka yi shi, Diamond ta birnin Shanghai tana cikin waɗanda suka fi suna, akwai kuma Golden Cock da Five Rams. Arahar sa ce ta shigar da shi ɗakunan mata. A shekarun 1970 da 1980, musamman bayan kuɗin Udoji, sai ya zama cikin kayan jere, ana ɗora shi a kan kabad tsakanin kwalla da tangaran, kusa da gadon ƙarfe mai rumfa. Sau da yawa ma ba a damu da ko yana kan daidai ba, ado ne da alamar gata. Abin sha'awa, kakanninmu sun dubi Kaza da 'Ya'yanta a sama don su san dare, iyayenmu kuma suka dube su a kan kabad.

Na biyar shi ne tsarabar Makka, mai siffar masallaci da hasumiya, na roba, mai batir, wanda in lokaci ya yi sai ya yi kiran salla a madadin ƙararrawa. Alhazai ne suka cika gidaje da shi tare da dabino da zamzam da bagaruwa. Shi da sauran masu batir 'ya'yan sabuwar fasaha ce ta kwaz, wadda kamfanin Seiko na Japan ya fara sa wa a agogon hannu a 1969. Ba sa bukatar wani, ba sa saɓa lokaci sosai, kuma sun fi araha. Su ne suka fara kashe kasuwar agogon wani da ta mai gyaransa, mutumin nan mai ɗan akwatin gilashi da madubi a ido ɗaya. Wayar salula, da ta shigo Najeriya gadan-gadan a 2001, ita ta ƙarasa aikin.

Ga Mai Son Adanawa

Wanda ya tarar da irin wannan agogo a ɗakin gyatuma ko cikin tsohuwar adaka, ga 'yan shawarwari. Ya fara duba ƙasan fuskarsa da bayansa, a nan ake rubuta sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi. Wanda aka rubuta wa "West Germany" an yi shi ne kafin haɗewar Jamus a 1990, wanda aka rubuta wa "USSR" kuma, irin su Slava na Rasha, kafin rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Kada ya yi masa sabon fenti, kada ya goge fuskarsa da ruwa, domin tsufansa shi ne darajarsa. Kada ya tsoma shi a kananzir ko ya ɗura masa man gyaɗa kamar yadda wasu ke yi, mai yana kama ƙurar hunturu ya daskare ya cinye haƙoran. In makulli ya ƙi juyawa kada a tilasta shi, a nemi tsohon mai gyara tun da sauransu.

Akwai kuma gargaɗi mai muhimmanci. Agogo da yawa da aka ƙera daga wajen yaƙin duniya na farko zuwa shekarun 1960, waɗanda lambobinsu da hannayensu ke haske cikin duhu, an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam. Wannan sinadari shi ya halaka 'yan mata da dama a masana'antun Amurka a shekarun 1920, saboda suna lasar bakin burushi don ya yi tsini. Ko da hasken ya daɗe da mutuwa, gubar tana nan, domin sai bayan kimanin shekara 1,600 rabin ƙarfinta ke raguwa. Muddin gilashin na rufe hatsarin kaɗan ne, amma kada a buɗe a kankare fentin, kada a ba yara su yi wasa da shi.

Mafi muhimmanci duka, a rubuta labarinsa. Wa ya saye shi, a wace kasuwa, a kan nawa, da sule ko da naira, a bikin wa aka jera shi? A tambayi tsohuwa tun tana raye, a rubuta a takarda a ajiye tare da shi. Bature mai tara agogo yana neman wanda babu irinsa da yawa. Namu ba su da wannan daraja, don an yi miliyoyinsu. Darajarsu a wurinmu ita ce hannun da suka bi da gidan da suka tasa, kuma wannan ba ya cikin kundin kowane kamfani.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, ƙaramin abu ne ke tsayar da labari a zamaninsa ko ya tona asirin marubucinsa. In labarinmu na zamanin Alu ne, zakara da ladan su tashi jarumin. In na zamanin dalar gyaɗa ne, agogo ya kasance a gidan malamin makaranta ko a tasha, sauran mutane su aiko tambaya. In amaryar 1978 ce, a bar kazar nan ta yi ta caka a kan kabad cikin shirun daren farko. In ɗan yau ne, waya ce a ƙarƙashin matashi, tana tashinsa shi kaɗai, ba ruwanta da maƙwabci. Kowanne daga cikinsu yana faɗa wa mai karatu irin zaman da mutanen ke yi ba tare da mun yi dogon sharhi ba.

Ɗalibinmu ya gyara labarinsa, yanzu amon taɓaryar matar maƙwabci ce ke tashin manomin, kuma shafin ya fi na da armashi nesa ba kusa ba. Agogon ɗan gwangwan kuwa mun fanshe shi, wani dattijo mai gyara a birni ya wanke shi ya sa masa mai, kazar ta koma caka. Yana kan teburinmu a ofishin malamai, kullum da safe sai mun yi masa wani, kuma da wuya mako ya wuce wani ɗalibi bai tsaya ya tambaya ina batir ɗinsa yake ba. Muna roƙon duk wanda ke da irinsa a gida ya duba shi kafin mai baro ya riga shi. Allah ya sa mu dace, amin.